Kawu, Ba Ni da Bindiga, Amma Ni Ma Ina Jiran Hukuncin

Assalamu alaikum Kawu, daga birnin Niyok na Amurka, a watan Yunin 2022. Allah ya ƙara girma da lafiya. Saƙonku na murya ya iso, sai na ga amsarsa ta fi ƙarfin a faɗe ta a tsaitsaye tsakanin fasinja da fasinja, gara in zauna in rubuta.

Kun ce kun ji a rediyo an harbe yara a wata makaranta a Texas, kuma maimakon hukuma ta karɓe bindigogi, wai kotu na shirin ba kowa izinin yawo da ita a aljihu. Kun tambaya ko ni ma na tanadi tawa. Sannan kuka ƙara da maganar da ta fi tsaya mini a rai, cewa da mutanen Faskari da Sabuwa aka yi wa wannan gatan, da ɓarayin daji ba su raina su haka ba.

Ba ni da bindiga, Kawu, ban kuma taɓa neman lasisinta ba. Cikin Hausawan da muke sallah tare a nan Bronx, wani yanki na birnin Niyok, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Kumasi da na Nima, waɗanda na san suna riƙe da ita masu kaki ne, ɗan sanda ko gandiroba, aiki ne ya ba su. Amma hukuncin nan na kotun ƙoli muna jiransa kamar kowa, wataƙila ma fiye da wasu.

Abin da kuka ji gaskiya ne, sai dai da gyara. Amurka ba ta da doka ɗaya a kan bindiga, kowace jiha da tata, amma a samansu duka akwai wani sashe na kundin tsarin mulki da aka ƙara tun 1791, wanda ya ce kada a tauye wa jama'a haƙƙin mallakar makami da ɗaukarsa. An daɗe ana gardamar ko mayaƙan sa-kai na jihohi ake nufi ko kowane mutum a kan kansa. Sai a 2008 kotun ƙoli ta yanke, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, cewa mutum yana da haƙƙin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kansa. A 2010, a wata shari'a da ta taso daga Chicago, ta ce wannan ya hau kan jihohi da birane ma. Abin da ya rage ba a taɓa ba shi ne daga bakin ƙofa zuwa titi. Shi ake jira a wannan Yuni na 2022.

A jiharmu ta Niyok dokar lasisi ta girmi kusan kowa da ke raye, tun 1911 take. Har zuwa wannan Yuni na 2022, wanda ke son fita da bindiga a ɓoye a jikinsa sai ya nuna dalili na musamman da ya bambanta shi da sauran jama'a. Ka ce unguwarku akwai 'yan fashi, ko kana dawowa aiki da tsakar dare, wannan bai isa ba, don maƙwabcinka ma haka ne. A cikin birni 'yan sanda ke ba da lasisin. Kuɗin takardar neman kawai dala 340 ne, ban da na ɗaukar zanen yatsu, ga tambayoyi, ga jiran watanni. Shi ya sa talaka ke cewa lasisin fita na attajirai ne da taurarin fim da tsofaffin 'yan sanda. A 2016 ma an gurfanar da wasu jami'an ofishin lasisin kan karɓar na goro, don kada ku ce a gida kaɗai ake yi.

Waɗanda suka kai ƙara ba 'yan birni ba ne. Mutum biyu ne, Robert Nash da Brandon Koch, daga wani yanki kusa da Albany, babban birnin jihar, tare da ƙungiyarsu ta masu bindiga. An ba su lasisin farauta da koyon harbi, aka hana su na fita ko'ina. Sunan da shari'ar ta tashi da shi, Bruen, na shugaban 'yan sandan jiha ne da aka yi ƙara. An saurari lauyoyi ranar 3 ga Nuwamba 2021, kuma tun ranar duk wanda ya bi zaman ya san inda aka dosa, don shida cikin alƙalai tara shugabannin jam'iyyar Republican ne suka naɗa su, uku daga ciki Trump. Wani abin mamaki, lauyoyin sun ɓata lokaci suna ja-in-ja a kan wata dokar Ingila ta 1328, wato tun kafin Sarki Yaji ya hau gadon Kano. Da ita ake auna ko za a shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na Niyok da fistol a 2022.

Jiran kansa kamar na ganin wata ne, kowa ya san an kusa, babu mai ce maka ga ranar. Kotun ba ta sanar da shari'ar da za ta yanke. Ranar kawai take faɗa, sai ƙarfe goma na safe, ukun yamma ke nan a wajenku, a fara sakin hukunce-hukunce a intanet ɗaya bayan ɗaya, minti goma tsakani. Manyan shari'o'i kan kai ƙarshen Yuni kafin alƙalai su tafi hutu. Akwai ma masu sana'ar lissafi, suna ƙirga wane alƙali ne bai rubuta komai ba cikin shari'o'in da aka saurara a wata kaza, don su gane wa aka ba alƙalami. A bana, 2022, jiran ya yi zafi, tun da aka tsegunta daftarin hukuncin zubar da ciki a farkon Mayu. An kewaye ginin kotun a Washinton da dogon shingen ƙarfe, kuma ranar 8 ga Yuni 2022 aka kama wani mutum da bindiga kusa da gidan Alƙali Kavanaugh.

Mu kuwa ga yadda namu yake. Akwai wani gidan abinci na wata Hajiya 'yar Ghana inda direbobin dare kan tsaya su ci wake da shinkafa kafin su je su kwanta. Ranar da aka ce kotu za ta saki hukunci, za ku ga waya a jingine da kwalbar yaji, ana jira. Goma ta buga, wani yaro mai turanci ya leƙa, ya ce wannan ta fansho ce, wannan ta wata ƙabilar Indiyawan daji ce. A yi tsaki, a ci gaba da cin abinci. Rabin masu jiran nan, ko da kotu ta buɗe ƙofa gobe, ba su da damar shiga. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa.

Dalili shi ne takarda, kuma a nan komai namu daga takarda yake farawa. Dokar tarayya ta haramta wa wanda ba shi da izinin zama ya riƙe bindiga ko harsashi, haka mai bizar ziyara ko ta karatu, in ban da 'yan togaciya kaɗan. Mai girin kad, wato takardar zama na dindindin, doka ta yarda masa, amma in kotu ta same shi da laifin da ya shafi bindiga, wannan kaɗai ya isa a tasa ƙeyarsa gida. A jihar nan kuma, a kama mutum a titi da bindiga mai harsashi ba lasisi, mafi ƙarancin ɗaurin da dokar ta tanada shekara uku da rabi ne. To ku dubi mutumin da ya yi shekaru yana tuƙi dare da rana, yana biyan kuɗin makarantar ƙannensa a Maraɗi, yana jiran a amince matarsa ta biyo shi. Kuskure ɗaya, ko da ta aboki ce aka manta a motarsa, ya rushe wannan duka. Shi ya sa dattawanmu ba sa wasa da batun. Baƙo ya sauka, kafin a nuna masa inda ake sayen naman halal an gaya masa kada ya karɓi ajiyar jakar kowa. Mai tuƙin Uber ma kamfanin da kansa ya hana direba da fasinja ɗaukar bindiga a mota.

Bayan takarda sai fata. Wannan ne ban san yadda zan sa ku ji shi daga can ba, inda kowa baƙar fata ne. Ranar 4 ga Fabrairu 1999, a unguwar Soundview ta nan Bronx, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka tsayar da wani saurayi Bafulatanin Gini mai talla a titi, Amadou Diallo, a ƙofar gidan da yake haya. Ya sa hannu a aljihu ya ciro walat. Harsashi 41 suka harba, 19 suka same shi. Ba shi da makami ko na yankan farce, kuma kotu ta wanke su duka huɗun. Duk ɗan Afirka ta Yamma da ke birnin nan ya san wannan labari, ko da a lokacin ba a haife shi ba.

Daga nan muka samo karatun da muke yi wa kowane sabon direba, ni ma na yi wa 'ya'yana tun kafin su karɓi lasisin mota. In fitila ja da shuɗiya ta haska a bayanka, ka gangara gefe, ka kashe mota. In dare ne ka kunna fitilar ciki, ka sauke gilas, ka ɗora hannu biyu a kan sitiyari inda za a gan su. Kada ka nemi takarda kafin a tambaye ka. In an tambaya, ka faɗa da baki tukuna: tana aljihuna na baya, zan ɗauko. Sannan ka ɗauko a hankali. Mutumin da aka koya wa tsoron walat ɗinsa, Kawu, yaya zai ji da fistol a ƙugu? Kuma lasisi ba laya ba ne. A Yulin 2016 a jihar Minnesota wani baƙar fata, Philando Castile, yana da lasisinsa cikakke. Ɗan sanda ya tsayar da shi, shi da bakinsa ya ce yana ɗauke da bindiga, cikin daƙiƙoƙi aka harbe shi a gaban budurwarsa da 'yarta ƙarama.

Saboda haka abin da ya dame mu a hukuncin ba abin da zai shiga aljihunmu ba ne, abin da zai shiga aljihun wanda ke zaune a bayanmu ne. Fasinjan da ya sha ya yi tatil yana gardamar kuɗin mota. Mutumin da ya ga hijabi a jirgi ransa ya ɓaci. Da kuma ɗan sandan da daga yanzu zai ɗauka kowa na iya kasancewa da ita, hannunsa ya ƙara kusa da tasa.

A ranar sauraren ƙarar, Alƙali Alito ya yi wa lauyar jihar wata tambaya da ta zagaya a wayoyinmu. Ya kawo misalin masu aikin dare a Manhattan, mai sharar ofis, mai gadin ƙofa, ma'aikaciyar jinya, mai wanke-wanke, waɗanda ke tashi da tsakar dare su hau jirgi su sauka a unguwa mai haɗari, ya ce me ya sa su ba za a ba su damar kare kansu ba. Mu ke nan ya zana, ba ragi. Matanmu da yawa aikinsu kula da tsofaffi ne a gidajensu, ƙarfe goma sha ɗaya suke kamo hanya. Amma da na karanta wa mai ɗakina, dariya ta yi. Ta ce ita abin da take so a ƙara jirage da dare don kada ta yi rabin awa ita kaɗai a tasha, a kuma gyara fitilar lungunmu. Alƙali Sotomayor, wadda a gidajen gwamnati na Bronx ta tashi, tana ɓangaren da ake ganin za a rinjaya.

Kada ku ɗauka bakinmu ɗaya. Babban ɗana, jikanku, a nan aka haife shi, fasfonsa na Amurka ne, ba ya jin tsoron tasa ƙeya, kuma ya iya gardama. Ya ce mini, Baba, dokar da kake karewa wa take ɗaurewa? Ya nuna mini takardar da lauyoyin da ke kare talakawa kyauta a Bronx da Brooklyn suka shigar wa kotun, suna goyon bayan masu ƙarar, abin da ya ba mutane da yawa mamaki. Hujjarsu ita ce kusan duk waɗanda suke karewa kan laifin riƙe bindiga ba lasisi baƙaƙe ne da 'yan Latin, da yawansu tsoro ne ya sa suka nema, alhali Bature a wata jiha yana yin abu iri ɗaya ba mai ce masa kanzil. Ban sami amsar wannan ba, don gaskiya ce.

Sai ya kawo Buffalo, wani birni a jiharmu. Ranar 14 ga Mayu 2022 wani yaro ɗan shekara 18 ya yi tafiyar sa'o'i takanas don ya sami kantin da baƙaƙe ke cefane, ya kashe mutum goma. A nan na tare shi, na ce ai mai gadin kantin tsohon ɗan sanda ne, yana da bindiga, ya harbi yaron, rigar sulke ta tare, shi aka kashe. Ya ce to Uvalde fa, garin makarantar nan ta Texas, inda aka kashe yara 19 da malamai biyu, 'yan sanda suna tsaye a baranda sama da awa guda ba su shiga ba? Wa za ka jira? Haka muka yi ta yi har uwarsa ta ce abinci ya huce.

A masallaci ma an yi irinta. Masallatanmu yawanci tsofaffin shaguna ne aka gyara, ƙofa ɗaya a kan titi, ranar Juma'a sahu har bakin takalma. Tun da aka harbe wani limami ɗan Bangladesh da mataimakinsa a Queens a Agustan 2016 suna dawowa daga sallah, sannan aka yi ta'asar Christchurch ta ƙasar New Zealand a 2019 inda aka kashe masallata 51, muka sa kyamara, muka kuma tsara samari biyu su tsaya a waje har a sallame, su yi tasu daga baya. Bayan Buffalo wasu matasa suka ce in kotu ta buɗe hanya, a zaɓi masu takardar ɗan ƙasa su nemi lasisi don gadin Juma'a. Suka kawo hadisin wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada. Liman bai musa ba, amma ya tuna musu da umarnin da aka yi wa mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau, cewa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Wani dattijo ɗan Damagaram kuma ya yi tambayar da ta kashe bakin kowa: ranar da jarida ta buga cewa wani masallacin 'yan Afirka a Bronx yana tara bindigogi, wa zai je ya yi bayani? Tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 mun san yadda ake sa wa masallatai ido a birnin nan. An tashi a kan a bari hukuncin ya fito tukuna.

'Yan'uwanmu na Texas da Ohio dariya suke mana. Zuwa tsakiyar 2022 jihohi 25 sun yi dokar cire buƙatar lasisi don fita da ita, Texas tun Satumbar 2021. Wani abokina a Houston yana da tasa a akwatin ƙarfe, yakan je filin koyon harbi da abokan aikinsa, ya ce a can rashinta ne abin tambaya. Jihohin da ke da tsauri irin namu a wannan Yuni na 2022 shida ne kacal, da California da New Jersey a ciki, sai dai masu yawan jama'a ne. Amma shi daga gida sai mota sai ofis. Bai taɓa shiga jirgi mai lamba 4 da ƙarfe biyar na yamma ba, inda kafaɗarka ke cikin hammatar wani. A Afrilun 2022 wani ya buɗe wuta a cikin jirgi a Brooklyn ya harbi mutum goma. Da mutum biyar a taragon sun zaro tasu cikin hayaƙi, ban ga yadda lissafin zai ragu ba.

Ni ra'ayina, tunda kun tambaya, ko an ba ni kyauta ba zan kawo ta gida ba. A 2020 sama da mutum 45,000 bindiga ta kashe a ƙasar nan, kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Ina da samari a gida, ƙasar nan kuma tana da kaɗaici da damuwar da ba a faɗa wa iyaye. Birnin ma ba kamar da ba ne. A 1990 an kashe sama da mutum 2,200 a Niyok, lokacin da direbobin haya ke fita ba su da tabbacin dawowa. A 2021 ba a kai 500 ba, ko da yake ya ƙaru a kan shekarun kafin korona.

Game da Faskari da Sabuwa kuwa, ba zan zauna a nan in yi muku wa'azi ba. Na ji a 2021 Gwamna Masari na Katsina da kansa ya ce mutane su tashi su kare kansu, kuma na san wanda aka kwashe wa shanu aka tafi da matarsa ba ya buƙatar lissafina. Abin da zan ce kawai, matsalar ba iri ɗaya ba ce. A nan in ka kira lambar gaggawa ta 911 za a zo, tsoronmu wani lokaci zuwan ne. A can kira ake yi babu mai zuwa. Kuma bindigar da ake shari'a a kanta ƙarama ce ta aljihu, don ɗan fashi ɗaya a lungu, ba ta mutum ɗari a kan babura ba. Yadda aka ƙare tsakanin 'yan sa-kai da rugage a Zamfara, ku kuka fi ni sani.

Ko hukuncin ya fito gobe, ba washegari za a cika titi da bindigogi ba. Lasisi yana nan, binciken laifi yana nan, sharaɗin dalili na musamman ne kawai ake ganin zai faɗi. Gwamnar jiharmu, Hochul, ta riga ta ce za ta kira 'yan majalisa daga hutu su rubuta sabuwar doka, kuma a farkon Yunin 2022 ta sa hannu a kan wadda ta ɗaga shekarun sayen bindiga mai sarrafa kanta zuwa 21. Magajin garin Niyok a wannan shekara ta 2022, Eric Adams, wanda tsohon ɗan sanda ne, ya ce batun na hana shi barci. Inda za a fafata nan gaba shi ne wuraren da za a ce ba a shiga da ita ko da lasisi. Alƙalan da kansu sun yi ta tambaya a kan filin ƙwallo, da jami'a, da dandalin Times Square a daren sabuwar shekara. Mu muna so mu ji ko jirgi da wuraren ibada za su shiga jerin, kuma duk abin da aka rubuta wani zai sake kai ƙara.

Don Allah kada ku ba Inna labarin Buffalo yadda rediyo ta kawo shi. Ku ce mata tsakaninmu da can tafiyar wuni ce a mota, kuma haka ne. A gaida su Gwaggo da yara. Ku sanar da ni ko an samu yin shuka a gonar bakin rafi bana, ko har yanzu ba a iya zuwa.